Laikin Na Kurmin Tsaunuka: Dukiyar Da Dashen Bishiya Ba Ya Mayarwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na wannan jarida domin in ja hankalin hukumomin gandun daji na jihohin Arewa maso Gabas, da jami'o'inmu, da sauran masu karatu, zuwa ga wani al'amari da ba kasafai yake shiga labarai ba. Duk shekara idan damina ta kama, jaridu da gidajen rediyo sukan cika da rahotannin dashen bishiyoyi, a faɗi yawan tsiron da aka raba, a nuna hoton manya riƙe da shebur. Ba ni da ja a kan wannan aiki. A nan Gombe, duk wanda ya ga irin kwarin da ruwa ya haƙa a tsakiyar unguwanni ba zai raina shirin dashen itatuwa da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2019 ba. Abin da nake son bayyanawa shi ne akwai wani ɓangare na dukiyar dajinmu wanda dashe ba ya mayar da shi idan ya tafi, kuma hanya mafi sauƙi ta gane wannan ɓangare ita ce a duba wuraren da wata ƙaramar halitta mai suna laikin take rayuwa a kurmin da ke kan tsaunuka.

Duk wanda ya taɓa hawa duwatsun Tula a ƙasar Kaltungo, ko Dutsen Bima da ke kallon Dadin Kowa, ko kuma ya huta a kan fa a wajejen Dass, ya ga laikin ko da bai san shi da wannan suna ba. Shi ne wannan tabo-tabo mai ruwan toka, wani lokaci ruwan ɗorawa, da ke manne a jikin dutse a kewaye, wanda farce ba ya iya ɓamɓare shi sai dai ya kankare shi. Akwai kuma wani iri mai faɗi da ke kwanciya a ɓawon tsofaffin bishiyoyi, gefensa a nannaɗe, samansa fari-fari, ƙasansa baƙi. Wanda ya same shi a tsakiyar rani zai ɗauka mataccen abu ne, domin a bushe yake ƙayau, yana karyewa da an taɓa shi. Amma idan ya ɗiga masa ruwa kaɗan daga buta ya jira minti ɗaya ko biyu, zai ga ya yi laushi, launinsa ya juya zuwa kore, saboda fatarsa ta sama ta jiƙe har koren da ke ƙarƙashinta ya bayyana. A wannan ɗan lokaci da yake jiƙe ne kaɗai yake iya haɗa abincinsa ya ƙara girma, da ya bushe kuma sai komai ya tsaya cik har wani ruwan ya sauka.

Masana sun daɗe suna lissafa shi cikin tsirrai, sai a 1867 wani masanin ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, ya bayyana cewa halittu biyu ne suka haɗu suka zama jiki ɗaya. Na farko wani jinsin fumfuna ne, shi ke gina jikin, ya riƙe ruwa, ya tare zafin rana. Na biyu kuma ƙwayoyin gansakuka ne, ko wasu ƙwayoyin bakteriya masu launi tsakanin shuɗi da kore, waɗanda ke zaune a cikinsa suna haɗa sukari da hasken rana su ciyar da su duka. Manyan masanan zamaninsa sun yi masa ca, wasunsu har suka bar duniya ba su yarda ba, amma bincike ya zo ya gaskata shi. A 2016 ma wani ayarin masana da Toby Spribille ya jagoranta ya gano wani nau'in yis a fatar laikin iri-iri, abin da ya nuna cewa mazauna wannan jiki sun wuce biyu. A yau an san nau'o'in laikin kusan 20,000 a duniya, kuma ɗalibanmu na sakandare suna taɓa amfaninsa ba tare da sun sani ba, domin rinin takardar litimos da suke tsomawa a ɗakin gwaji don gane ruwa mai tsami daga laikin ake samo shi.

Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne laikin ba shi da saiwa. Ba ya shan komai daga ƙasa, ba ya kuma tsotsar bishiyar da yake kai yadda kauci yake yi. Wurin zama kawai yake nema a jikinta. Ruwansa daga sama yake samu, ko daga raɓa, ko daga danshin hazo, gishirin da yake bukata kuma daga ƙurar da iska ke kawowa. Tun da ba shi da wata kariya da za ta tace abin da ke shigarsa, duk abin da iska ta ɗauko, mai kyau da maras kyau, cikin jikinsa yake ƙarewa. Wannan ne ya sa tun a 1866 William Nylander, masani ɗan ƙasar Finlan da ke zaune a Paris, ya lura cewa laikin yana ɓacewa daga bishiyoyin birnin saboda hayaƙi, ya kuma ce za a iya auna lafiyar iska da shi. A 1970 David Hawksworth da Francis Rose suka tsara wani ma'auni a Ingila wanda da shi mutum zai dubi irin laikin da ke jikin bishiya ya ƙiyasta yawan hayaƙin salfa da ke cikin iskar wurin, kuma da aka rage ƙona kwal a Landan sai nau'o'in da suka ɓace suka soma dawowa sannu a hankali. Abin mamaki shi ne halittar da hayaƙin gari ke kashewa ita ce hukumar binciken sararin samaniya ta Turai ta aika sama a 2005, aka bar ta a fili kimanin mako biyu babu iska babu kariya daga hasken rana, ta kuma dawo da ranta. Ƙishirwa da zafi da sanyi ba su dame ta ba. Abin da ba ta iya jurewa shi ne a sauya mata yanayin wurin da ta saba.

A nan ne maganar nau'o'in da ba su da yawa take shigowa. Mafi yawan laikin da muke gani a duwatsunmu masu juriya ne, ana samun irinsu a wurare da dama. Amma akwai wasu da ba sa zama sai inda abubuwa da yawa suka haɗu lokaci guda, kuma irin wannan wuri galibi kurmi ne a kan tsauni. Misali sananne shi ne wani laikin da masana ke kira Cetradonia linearis, wanda duk duniya ba a samunsa sai a kudancin tsaunukan Apalashiya na Amurka, musamman a jihohin Karolina ta Arewa da Tenesi. A can ma ba ko'ina ba: sai a jikin dutsen da ke tsaye sak, wanda ruwa ke tsattsafowa a kansa lokaci-lokaci, a tudun da ya kai mita 1,500 ko fiye inda hazo ke lulluɓe daji kusan kullum, ko kuwa a can cikin kwazazzabai masu zurfi inda rafi ke riƙe da danshi. Gwamnatin Amurka ta sanya shi cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a 1995. Abin lura a labarinsa shi ne ɗaya daga cikin manyan barazanar da yake fuskanta ba ta taɓa shi kai tsaye ba: wani ɗan ƙwaro ne da ya shigo daga Turai ya kashe bishiyoyin da ke yi wa duwatsun inuwa, da bishiyoyin suka mutu rana da iska suka samu hanya, dutsen da ya saba da laima ya soma bushewa.

Misali na biyu shi ne Usnea longissima, laikin mafi tsawo a duniya, wanda zarensa ɗaya kan kai mita da yawa yana reto daga rassan bishiya. A da yana da yawa a dazuzzukan arewacin Turai, amma ya ragu ƙwarai a ƙasashe irin su Suwidin da Norwe tun da aka koma sare daji gaba ɗaya a sake dasa sabo. Dalilin yana cikin yadda yake yaɗuwa. Mafi yawan lokaci ɗan guntunsa ne ke tsinkewa, iska ta kai shi reshen da ke kusa, ya maƙale ya ci gaba da girma, kuma irin wannan guntu ba ya tafiya nesa. Idan aka share tsohon daji, ko da an dasa sabo ya girma ya yi duhu, babu inda irin zai fito ya koma cikinsa. Masu bincike a jihar Oregon ta Amurka sun gwada wannan da wani laikin na tsohon daji: suka ɗauke shi da hannu suka kai shi sabon daji, ya rayu lafiya, abin da ya nuna cewa babbar matsalarsa ita ce isa wurin da kansa. Saboda haka a Birtaniya ake amfani da jerin wasu nau'o'in laikin don gane dajin da ya yi ɗaruruwan shekaru ba a taɓa yanke zamansa ba. Abubuwan da irin waɗannan nau'o'i ke bukata suna da yawa: ga tudu mai tsawo, ga hazo mai danshi, ga inuwa, ga tsohon ɓawo mai kaushi wanda ke riƙe ruwa, ga iska mai tsafta, sannan a kan duk waɗannan ga daɗewar daji a wuri ɗaya. Idan ɗaya ya kau, sauran ba sa wadatarwa.

Mai karatu zai ce wannan duk labarin ƙasashen Turawa ne. To, mu ma muna da irin wannan wuri, kuma ba nesa da mu yake ba. Wanda ya bar Gombe ya bi ta Numan zuwa Jalingo, ya wuce Bali da Serti, ya kai Mayo Selbe inda mota ke fara hawan nan mai lanƙwasa da ke sa fasinja salati, zai tsinci kansa a kan tsaunin Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, inda ƙasa ta kai kimanin mita 1,600 daga matakin teku. Yawancin saman tsaunin ciyawa ce da shanu, da gonakin shayi a Kakara, da layukan bishiyar zaiti da aka dasa. Amma a gangaren tuddai da bakin rafuffuka akwai ragowar kurmi na asali, mafi shahara cikinsu shi ne Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, wanda aka keɓe a matsayin gandun daji tun 1969. Faɗin gandun ya kai kimanin murabba'in kilomita 46, amma ainihin kurmin da ke cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Ruwan saman da ke sauka a wurin ya kusa ninka na garin Gombe sau biyu. Daga gabas kuma, a cikin gandun daji na ƙasa na Gashaka Gumti wanda aka kafa a 1991, akwai Chappal Waddi, da ake kira Gangirwal, a kan iyaka da Kamaru, wanda da tsayinsa na mita 2,419 ya fi kowane tsauni a Nijeriya, kuma a kwarurrukansa akwai kurmin da gajimare ke sauka a kansa.

A irin waɗannan wurare ne laikin jinsin Usnea ke rataye a rassan bishiyoyi kamar gemun tsoho, fari-fari mai ɗan kore. Lokacin da nake koyar da ilimin halittu na samu damar hawa Mambila, na kuma riƙe shi a hannuna bayan ruwan safe. Idan aka kama zare ɗaya aka ja shi a hankali daga gefe biyu, fatar waje takan tsage gaɓa-gaɓa, sai wata farar jijiya ta bayyana a tsakiya tana miƙewa ba ta tsinke ba, kuma da wannan jijiya ake bambanta Usnea da sauran masu kama da shi. Idan aka matse dunƙulensa ruwa ne ke ɗiga, ko da kuwa ba a yi ruwan sama ba sai hazon asuba kawai. Ya kamata a fahimci cewa hazon can dabam yake da namu na hunturu. Namu ƙura ce busasshiya da ke tsage leɓe, nasu kuwa gajimare ne da ya sauko ya taɓa ƙasa, yana jiƙa riga yana jiƙa ganye. Laikin da sauran ƙananan tsirran da ke lulluɓe da rassa suna kama wannan danshi, wani ya ɗiga ƙasa, wani ya tsaya ya sanyaya kurmin, daga irin waɗannan tuddai kuma ruwan kogin Donga da na Taraba yake gangarowa zuwa Binuwai.

Gaskiya ce wasu nau'o'in Usnea ba su da wuyar sha'ani, har a jikin bishiyar da aka dasa ko turken shinge ana iya ganinsu idan wurin yana da danshi, saboda haka ganin gemun nan kaɗai bai isa a ce an samu abin da babu irinsa ba. Nau'o'in da suka fi ƙaranci suna can cikin duhun kurmi, a gindin manyan bishiyoyi da duwatsun bakin rafi, kuma su ne suka fi bukatar a bi su a rubuta. Kurmin Mambila da na Gashaka a yanke suke daga sauran dazuzzuka, kowanne yana tsaye shi kaɗai a kan tudunsa, ƙasa mai zafi ta kewaye shi, kuma an riga an tabbatar cewa tsaunukan da suka taso daga Kamaru zuwa nan suna ɗauke da tsuntsaye da kwaɗi da bishiyoyin da ba a samu a wani wuri. A Gabashin Afirka, Dougal Swinscow na Birtaniya da Hildur Krog ta Norwe sun yi shekaru suna hawa tsaunukan Kenya da Uganda da Tanzaniya da Habasha, har suka fitar da cikakken littafin gane manyan laikin na yankin a 1988. Afirka ta Yamma ba ta samu irin wannan gata ba. A Ngel Nyaki akwai tashar bincike da Hazel Chapman ta Jami'ar Kantabari a Niyu Zilan ta assasa, wadda mahaifinta ya zagaya waɗannan dazuzzuka yana rubuta bishiyoyinsu tun a shekarun 1970, kuma ɗalibai da malamai daga jami'o'in ƙasar nan, har da Jami'ar Jihar Gombe, sun yi aiki a wurin. An yi nazari mai yawa a kan bishiyoyi da tsuntsaye da birai, musamman birin cimfanzi na Nijeriya da Kamaru da ke zaune a kurmin. Abin da ke manne a jikin bishiyoyin shi ma ya cancanci irin wannan kulawa.

Babban abin da ke cin waɗannan kurmi shi ne wuta. Duk shekara idan ciyawa ta bushe akan cinna mata wuta domin sabuwa ta tsiro wa dabbobi, ko don farauta, ko don sharar gona, kuma wutar ba ta tsayawa inda aka so ta tsaya. Takan lashi bakin kurmi ta kashe ƙananan bishiyoyin da ke gefe, baɗi ciyawa ta shiga inda suka mutu, wutar baɗi kuma ta ƙara matsawa ciki. Ga wanda ke kallo daga nesa kurmin yana nan kore shar, amma iskar rani ta riga ta samu ƙofa, kuma laikin da ke bukatar laima shi ke fara mutuwa tun bishiyoyin suna tsaye. An ga haka a tsaunin Kilimanjaro na Tanzaniya, inda gobara ta sa bakin dajin na can bisa ya gangaro ɗaruruwan mita tun daga shekarun 1970, aka rasa dajin da ke kama ruwan hazo. Bayan wuta akwai shanun da ke shiga inuwa su tattake tsiro, da masu saran katako, da masu ɓare ɓawon bishiyar Prunus africana wadda ake haɗa maganin ciwon mafitsara na maza da ita a Turai, har aka sanya cinikinta ƙarƙashin sa ido na duniya a 1995. Mun kuma ga abin da ya faru da madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid, a ƙasan tsaunin, yadda tireloli suka yi ta kwasarta zuwa tashar jiragen ruwa cikin 'yan shekaru kaɗan. Ba na ɗora laifin a kan wata ƙabila ko wata sana'a. Makiyayi da manomi da mafarauci kowa abincinsa yake nema, kuma duk wanda ya san tarihin zaman Mambila ya san cewa maganar ƙasa a can magana ce da ake taka-tsantsan da ita. Sai dai wuta ba ta tambayar wanda ya kunna ta.

Dalilin da ya sa na haɗa wannan da dashen bishiya shi ne yadda lissafinmu yake tafiya. Idan hekta goma na tsohon kurmi suka ƙone aka dasa hekta ashirin na zaiti, a takarda an ci riba. Zaiti yana da amfaninsa, yana ba da itacen girki da azara da katakon rufi, yana kuma rage wa kurmi nauyin gatari, amma bishiya ce baƙuwa daga Ostareliya, da yawa daga cikin nau'o'inta suna zubar da ɓawonsu, ana kuma sare ta tun ba ta tsufa ba, don haka ba ta zama mazaunin halittar da wani irinta ke ƙara ƙasa da milimita ɗaya a shekara. Haka abin yake a namu duwatsun na Gombe da Bauchi, ko da yake ba su kai tsayin da za su riƙe gajimare ba. A kwazazzabansu akwai ƙananan kurmi da tsofaffin itatuwa da masu gawayi ke bi ɗaya bayan ɗaya, akwai kuma fa da masu fasa dutse ke cinyewa da duk abin da ke kansa. Darbejiyar da za a dasa a bakin titi ba za ta maye gurbin wannan ba.

Na san za a ce mutanen da ke fama da tsadar abinci da rashin tsaro ba su da lokacin tabon dutse. Amsata ita ce aikin da nake nema ba ya cin kuɗin da za a ce an hana wani abinci. Mai nazarin laikin a matakin farko ba ya bukatar fiye da madubin hannu mai ƙara girman abu, da wuƙa, da ambulan na takarda, da wayar da ke nuna daidai inda mutum yake tsaye. Hatta gwajin da ake yi don bambanta nau'o'i, wani da ɗigon ruwan bilic na wanki ake yinsa, a ga ko wurin zai juya ja. Muna da Jami'ar Jihar Gombe, da Jami'ar Tarayya ta Kashere, da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, kowacce tana yaye ɗaliban ilimin tsirrai duk shekara, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga cikin ayyukan binciken shekarar ƙarshe maimaici ne na abin da aka riga aka yi. Da za a ba wasu daga cikinsu aikin bin duwatsun Tula da Bima da Zaranda suna tattara samfuri, a tura ƙwararrun cikinsu Ngel Nyaki da Gashaka, a ajiye abin da suka samo a ma'adanar busassun tsirrai ta jami'a a kuma aika kwafi zuwa ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, cikin 'yan shekaru za mu mallaki rajistar da za a riƙa komawa gare ta a ga abin da ya ragu da abin da ya ƙaru. Hukumar Raya Arewa maso Gabas, wadda dokar kafa ta ta samu sa hannu a 2017 kuma ta haɗa jihohin nan shida, tana iya ɗaukar nauyin irin wannan aiki ba tare da ta ji a jikinta ba.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya zama dole in yi, domin na san halinmu: da an ji abu yana da wuyar samu sai a ce magani ne, kafin a ankara ya shiga kasuwa. Gaskiya ne Usnea yana ɗauke da wani sinadari mai kashe wasu ƙwayoyin cuta, amma shan wannan sinadari yana iya lalata hanta, kuma a 2001 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a game da wani maganin rage ƙiba da ke ɗauke da shi bayan ya kwantar da mutane. A Indiya ana kwasar laikin buhu-buhu daga dazuzzukan tsaunuka don kayan yaji da turare, abin da halitta mai jinkirin girma ba za ta iya jurewa ba. Shi ya sa hukumar kula da namun daji ta Amurka ta ƙi wallafa taswirar wuraren da laikin Apalashiya yake, don gudun masu tsinka. Duk binciken da za a yi a nan ya kamata ya bi wannan sawu: a ɗauki samfuri kaɗan, a bar sauran, ainihin wurin da aka samu nau'i mai ƙaranci kuma ya tsaya a hannun jami'a da hukumar gandun daji.

Ga hukumomin jihohi, roƙona shi ne kafin ciyawa ta bushe a watan Nuwamba a share hanyar tare wuta a kewayen kowane tsohon kurmi da aka sani, a yi hakan tare da hakimai da dagatai da arɗo-arɗo, domin su suka san wanda ke kiwo a ina da lokacin da ake ƙuna. An gwada shinge da hanyar tare wuta a gefen Ngel Nyaki, an kuma ga ƙananan bishiyoyi suna dawowa a inda aka kare. A ƙara yawan malaman daji, a biya su a kan lokaci, a ba su babura. A cikin rahoton shekara kuma, kusa da adadin tsiron da aka dasa, a rubuta faɗin tsohon kurmin da jihar ke da shi bara da wanda ya rage bana.

Kai kuma, ranka ya daɗe, ina roƙon ka tura wakilinka na Taraba ya hau Mambila a farkon rani ya ɗauko hoton bakin kurmin Ngel Nyaki, ya tambayi ma'aikatan tashar binciken nisan da wuta ta ci a 'yan shekarun nan, sannan wakilanka na Gombe da Bauchi su tambayi ma'aikatun muhalli ko suna da jerin tsofaffin kurmin da ke cikin duwatsun jihohinsu, da sunan jami'in da aka ɗora wa alhakin kowanne.

Na gode da ba ni wannan fili. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin ilimin halittu,
Gombe.